Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Kano kan matan da ake duka a ɗakunansu

Zuwa ga mai girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano da sauran honorabul ɗinmu baki ɗaya,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranku ya daɗe, ya aiki ya jama'a, Allah ya taya ku riƙo. Ni malamar firamare ce a cikin birni, shekarata goma sha huɗu ina koyarwa. Bazan faɗi sunana ba, ba don tsoro ba, sai don labarin da zan bayar ba nawa bane ni kaɗai, kuma mai labarin ta yarje min in faɗa ne da sharaɗin kar a gane ta.

Shekara biyu da suka wuce da damina, wajen ƙarfe biyun dare aka dinga buga mana ƙofa, maigidana ya tashi ya buɗe sai ga ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Goyo a bayanta, ta riƙo hannun babban ɗanta mai shekara shida, takalminta ƙafa ɗaya, hijabinta a baibai, ga jini ya biyo ta kunnenta na hagu ya bushe har wuya. A ƙasa ta taho cikin ruwa tunda a wannan lokacin ba adaidaita sahu. Wallahi abin da ta fara ce min ba wai ya dake ni bane, cewa tayi "Yaya dan Allah kar ki gaya wa Baba." Laifinta kuwa shi ne ta tambayi kuɗin cefane a gaban abokinsa, sai ya bari har dare ya tsala ya kulle ɗaki ya ciro wayar wuta. Yaron nan yana tsaye a tsakar gidana ko hawaye bai yi ba, na bashi ruwa ya karɓa da hannu biyu yana kallon ƙofa, har yau in na tuna shirun yaron nan ya fi jinin tayar min da hankali.

Kun san yadda ake yi ai, ba sai na ja ba. Kwana uku aka zo biko, shi da kawunsa, aka ce sharrin shaiɗan ne, Baba yace aure ibada ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ta koma ɗakinta. Ta koma. Bayan wata biyu aka sake. A karo na uku ne nace tura ta kai bango, na ɗauke ta muka tafi caji ofis, fuskarta a kumbure ido ɗaya baya buɗuwa. Jami'in da muka tarar bai wulaƙanta mu ba, ya bamu wajen zama, ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya tambaya ko akwai karaya, ko haƙori ya fita. Muka ce a'a. Sai yace "Hajiya wannan maganar cikin gida ce, ku je ku nemi manya a sasanta." Na fito ina kuka ina cewa wannan wane irin rashin imani ne. Sai daga baya wata lauya da muka samu ta zaunar da ni tace min ba daga kansa ya ƙago tambayar ba, haka dokar take a rubuce, ta buɗe ta nuna min da idona.

Ita ce dokar da nake so ku buɗe ku duba, tunda a hannunku gyaranta yake. Sashe na 55 na kundin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, wanda Arewa take aiki da shi tun 1960, ƙaramin sashe na ɗaya, harafin d. Cewa yayi ba laifi bane miji ya yi wa matarsa abin da zai yi mata da sunan ladabtarwa, in dai al'adarsu ta yarda da hakan, kuma in dai abin bai kai mummunan rauni ba. A layi ɗaya aka jera shi da uba mai horon ɗansa da malami mai horon ɗalibinsa, wato matar aure uwar 'ya'ya an ajiye ta sahu ɗaya da ɗan aji uku. To menene mummunan rauni? Sashe na 241 ya lissafa su, irin su makantar da ido, kurmantar da kunne, karya ƙashi ko cire haƙori, ɓata fuska ɓacin da ba ya gyaruwa, ko ciwon da zai iya kisa, ko wanda zai sa mutum ya yi kwana ashirin cikin azaba ko ya kasa harkokinsa. Kwana ashirin fa ranku ya daɗe. Kenan wadda ta yi sati biyu a kwance tana shan fanadol ana gasa mata jiki da ruwan zafi, maƙwabciya tana dafa wa yaranta abinci, tata bata kai ba. Ku ɗan tsaya ku sa fuskar 'yarku a wannan wajen kafin ku wuce layi na gaba.

A watan Mayun 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP. Tunda dokar tarayya ce a Abuja kawai take aiki, sai kowace jiha ta ɗauka ta mayar tata. Kaduna ta yi a 2018, Bauchi a 2020, Jigawa da aka ciro daga jikinmu ta yi a 2021, Katsina ma ta biyo baya. A watan Yunin 2020 gwamnonin ƙasar nan da bakinsu suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe da cin zarafin mata. Mu Kano da muke tunƙahon ko da me ka zo an fi ka, har yau ana kan magana, a yi taro a otal a ɗauki hoto a ce ana daidaita ta da Final Kod, shekara ta zagayo a sake wani taron. Yarinyar da aka haifa ranar da aka sa hannu a dokar nan ta isa shiga sakandare yanzu.

Na karanta dokar, ba duka na gane ba amma abin da ya shafe mu a fili yake. Wanda ya doki matarsa, ko wadda ta doki mijinta, ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 3 ko tarar da zata iya kaiwa naira 200,000 ko duka biyun. Wanda ya kori matarsa daga gida da ƙarfin tsiya ko ya hana ta shiga, shekara 2 ko naira 300,000. Wanda ya gudu ya bar mata da yara ba ci ba sha, shekara 3 ko naira 500,000. Kuɗin nan a 2015 aka yanka su, da yadda naira ta koma yanzu dole in zaku yi taku ku ɗaga su, don dubu ɗari biyu wani a aljihunsa take. Amma gaskiya ni ba ɗaurin ne ya fi damuna ba, kuma yawancin matan da na sani ba so suke a ɗaure uban 'ya'yansu ba, in an ɗaure shi wa zai ciyar? So suke a daina dukansu. Shi ya sa abin da ya fi tsaya min a rai a dokar shi ne odar kariya, takardar da alƙali zai bayar cikin gaggawa tun kafin a shiga doguwar shari'a, yace kai wane kar ka sake taɓa ta, kar ka je inda ta fake, kar ka je wajen aikinta, ga abin da zaka dinga bayarwa na abincin yara kafin a gama magana, in ka karya a kama ka. Har ɗan sanda kotu zata iya haɗa ta da shi ya raka ta ta kwaso kayanta. Kuma ba lallai ita ce zata je ta nema da ƙafarta ba, ma'aikacin lafiya ko jami'in walwala ko malamin makaranta irina zai iya kai maganar a madadinta da yardarta, in yaro ne ma ba sai an jira yardar kowa ba.

Da akwai irin wannan takarda a Kano da ƙanwata bata sha na huɗu ba. Don na huɗun a ƙofar gidanmu aka yi shi, da rana tsaka, ya biyo ta wai ta fita ba izininsa, ya fizge jaririyar daga bayanta ya sa a mota ya tafi, yarinya tana shan nono. Kwana biyu muna zarya tsakanin gidan iyayensa da gidan mai unguwa, nono ya cika ya yi mata tauri har zazzaɓi ya rufe ta, kowa cewa yake ai 'yarsa ce, wa zai hana uba ɗaukar 'yarsa.

Na san abin da ake faɗa a kan dokar nan, a rediyo na ji, a ɗakin malamai ma mun yi musu a kai har rai ya ɓaci. Ana cewa ta Turawa ce, an kawo ta ne a raba aure a sa mata su fi ƙarfin mazajensu, kuma mu muna da shari'ar Musulunci tun 2000 me zamu yi da wata doka. Ni Musulma ce, a Islamiyya na tashi, bazan taɓa roƙonku ku yi abin da ya saɓa wa addini ba, in akwai layin da malamanmu suka duba suka ga ya ci karo da shari'a a cire shi a gyara, Bauchi da Jigawa ma ai jihohin shari'a ne kuma sun zauna sun yi tasu. Amma dan Allah a daina jingina dukan nan da addini. Allah yace ku zauna da su da kyautatawa, yace ko riƙo da alheri ko saki da kyautatawa, yace kar ku riƙe su don cutarwa. A Suratuɗ Ɗalaƙ ma wadda aka saka cewa aka yi kar a fitar da ita daga ɗakinta sai ta gama idda, mu kuwa a nan da daddare ake watso wa mace kaya waje da aurenta ma. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Masu kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i su faɗa min wane malami ne ya fassara ta da wayar wuta, ko bel, ko taɓarya, ko shuri a cikin mai juna biyu.

Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne mazhabarmu ta Malikiyya tana cikin waɗanda suka fi ba mace hanya a wannan babin, amma matan basu sani ba. Ƙanwata da ta gaji ta kai ƙara kotu, aka ce ta kawo shaidu, to wa yake shaida abin da aka yi a ɗaki a kulle da tsakar dare? Aka yi ta ɗage zama, shi baya zuwa, ƙarshe aka ce mafi sauƙi ta yi kul'i ta mayar masa da sadakinsa. Keken ɗinkinta ta sayar da 'yan kunnen da Inna ta bar mata, ta biya mutumin da ya fasa mata kunne don ya rabu da ita. Sai bayan komai ya wuce malaminmu na Islamiyya yake ce mana a fiƙihun Malikiyya macen da cutarwa ta tabbata a kanta alƙali yana da ikon raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba, kuma a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suke aiki da shi, cutarwa tana tabbata da shaidu ko da labarin da ya bazu a bakin maƙwabta. Yace ko ta riga ta biya, in aka tabbatar cutarwa ce ta tilasta mata ana dawo mata da dukiyarta. Har yace in mace ta yi ta kawo kuka ba hujja, alƙali yana iya sawa a zaunar da su cikin mutanen kirki da zasu sa ido. To wannan in ba kariya ba menene? Unguwarsu kaf ba wanda bai san ihunta ba, amma ba wanda aka kira aka tambaya. Ku ɗauko waɗannan hukunce-hukuncen namu ku rubuta su a doka ƙarara, da lamba da sashe, yadda ba zai zama sai in mace ta yi sa'ar alƙali ko tana da kuɗin lauya ba. Sarki Muhammadu Sanusi II tun 2017 yake kiran a yi dokar iyali a Kano, aka yi ta ce-ce-ku-ce, maganar ta kwanta.

Wasu kuma da an taɓo zancen sai su ce ai mata ma suna kashe mazajensu, a kawo shari'ar Maryam Sanda da kotun Abuja ta yanke wa hukuncin kisa a 2020. Gaskiya ne, kuma ran namiji rai ne, ina da miji ina da 'ya'ya maza. Dokar ma ai bata ce mata kaɗai ba, kowane mutum tace, namijin da matarsa take zuba wa ruwan zafi shi ma zai iya neman odar kariya. Haka a Abujan aka yi shari'ar mijin mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu da ta rasu a 2022, aka yanke masa hukuncin kisa a 2025, bayan ta mutu ne mutane suka fito suna faɗin abin da suka daɗe suna gani. Duk gidajen nan biyu sai da aka fitar da gawa sannan hukuma ta shigo. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan Najeriya da suka taɓa aure sun gamu da wani nau'in cutarwa daga miji, ko duka ko cin mutunci ko tilastawa, kuma wannan waɗanda suka iya buɗe baki suka gaya wa baƙo kenan.

Sai maganar yara, wadda ita nake gani kullum da idona. A aji ina gane yaron da aka kwana ana faɗa a gidansu tun kafin in kira suna, ko ya yi ta gyangyaɗi, ko in ɗaga hannu zan rubuta a allo in ga ya kare kansa. Akwai wani ɗan aji biyu da ya shaƙe wata yarinya a kan fensir, da na raba su na tambaye shi sai yace min "ai bata jin magana ne," da irin muryar manya, na san ba a makaranta ya koyo wannan ba. Na yaba da aka sa hannu a dokar kare yara ta jiha a 2023, Allah ya saka da alheri, amma ni malama har yau ba wanda ya zo ya ce min in kin ga shatar bulala a bayan yaro ga lambar da zaki kira, ga ofishin da zaki je, ga kariyar da kike da ita in uban ya zo makaranta zai ci mutuncinki. Kuma ba yadda za a yi a kare yaro a bar uwarsa ana jibga a gabansa. Sannan mata da yawa yara ne suke zaunar da su, don an gaya musu in kin fita sai dai ki fita ke kaɗai, alhali a Malikiyya uwa ce take da haƙƙin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma tana kan uba.

Ba cewa nake ba a komai ba. 'Yan Hisbah suna sulhu dare da rana kuma sun ceci aure da yawa, akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da take karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, akwai lauyoyi mata na FIDA da suke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Amma sulhu in ba doka a bayansa roƙo ne kawai, mutum ya sa hannu a takarda yau gobe ya koma ruwa, ba abin da zai same shi. Kuma matar da take Doguwa ko Tudun Wada ko Kunchi, wace mota zata hau ta zo birni da jini a jiki da yara uku? Ƙananan hukumomi 44 gare mu.

Kuma na san in kun so abu kuna yinsa. A 2024 kun yi dokar gwajin lafiya kafin aure, yanzu ba a ɗaura aure sai da takardar asibiti, mutane sun yi ƙorafi da farko amma sun saba. A watan Oktoban 2023 gwamnati ta aurar da maza 1,800 da matansu a auren gata, da gado da katifa da jari. Hukumar da ta shiga maganar aure tun daga jinin ango da amarya har kayan ɗaki, bai kamata ranar da aka fasa wa amaryar kunne tace wannan sirrin gida ne ba.

Roƙona gare ku ranku ya daɗe, ku soke wannan harafin d na sashe na 55, kar ku bar masa ko ƙura. Ku fito da dokar kariya a wannan zangon, ku sa mata sunan da kuka ga dama da Hausa ko da Larabci in sunan VAPP ne yake ba mutane tsoro, amma odar kariya ta kasance a ciki, kuma a ba kotunan shari'a da na majistare ikon bayar da ita, don su ne kotunan da talaka ya sani, ba babbar kotu ba. A sa takardar likita ta zama kyauta ga wadda aka daka, a sa ta zama hujja. A ware kuɗi a kasafi na wajen da mace zata fake da yaranta ko na sati biyu ne, ƙarƙashin mata amintattu, don ba kowa ce take da yaya a kusa da zata buga wa ƙofa ba. Kuma ranar jin ra'ayin jama'a, tunda a zaurenku ba mace ko ɗaya, kar ku tsaya kan shugabannin ƙungiyoyi kawai, ku kira ungozomomi da nas-nas na ɗakin haihuwa da malaman firamare da matan Hisbah, ku rufe ƙofa ku kashe kyamara ku ce su faɗi abin da suke gani. In kun kira ni zan zo.

Ƙanwata tana nan a gidan Baba, kunnenta na hagu baya ji sosai, in zaki mata magana sai kin zagayo ta dama. Baba da kansa yanzu in ya kalle ta sai ya sunkuyar da kai, rannan yake ce min da ya sani tun zuwan farko da bai mayar da ita ba. Tana ɗinki da keken haya. Shi kuwa tsohon mijin ya sake aure wata biyar da suka wuce, yarinya ce ƙarama, ance shekararta goma sha tara, kuma a ɗakin nan dai aka kai ta.

Wassalamu alaikum.

Taku,
wata malamar firamare daga cikin birnin Kano